Wayar Ƙasa

Bayan sadakar arba'in muka buɗe adakar Baba.
Ƙarƙashin tsohon bargo da takardun gona
sai ga garmahonsa, da amfilifaya mai ido ɗaya,
da fayafai bakwai,
biyu zafi ya lanƙwasa su kamar ganyen kabewa.

Na aika Gujungu a kira Cindo.
Ya iso bayan la'asar a kan babur mai tari,
jaka a wuya, sukundireba a bayan kunne,
yatsansa na shida yana lilo a gefen hannu,
shi kaɗai ne malalaci a jikinsa.

Muka ja wuta daga batirin da ya wuni yana shan rana.
Shiru.
Cindo ya duƙa ya shinshina bayan akwatin.
"Hanci ne mitar farko," in ji shi.
Fis ya ƙone. Ya zaro wani daga kwalin ashana.
Idon nan ɗaya ya buɗe, ja wur,
kamar na wanda aka tasa daga barcin shekara ashirin.

Da ya kwance murfi muka tarar da masu haya:
zanzaro ya gina ɗaki uku tsakanin wayoyi,
ɓera ya bar ɓawon gyaɗa,
gizo-gizo ya yi labule.
Da famfon keke muka ba su sallama.

Faifai ya juya, amma da ƙyar,
tafiyar jakin da ya kwana da mangala.
Muryar da na sani ta mace ce,
yau ta fito da gemu.
"Bel ya saki." Ya yanko wani daga tsohon tif,
na farko ya yi kauri, ta koma 'yar tsako,
ya sake yanka, siriri kamar zaren lalle,
sai ta dawo shekarunta.

Lasifikar hagu ta ƙi magana.
Ya musanya wayoyin, dama ta koma hagu.
"In ciwo ya bi waya, waya ce.
In ya zauna inda yake, sai mu tuhumi mai gida."
Ciwo ya bi waya.
Ƙamshin dalma ya cika zaure,
yara suka yi cincirindo a bakin ƙofa, akuya ma ta leƙo.

Saura gunji.
Wani uuum mai nauyi a ƙarƙashin kiɗa,
kamar injin niƙa a wata unguwa.
Na rage murya, yana nan.
Na sa yatsa a jikin ƙarfen, ya ragu,
na ɗaga, ya dawo.
Cindo ya dube ni. "Ƙasa yake nema."

Ƙusa mai inci shida,
ya kafa ta a gindin randa inda danshi ba ya ƙarewa,
ya ɗaura mata waya, ya jawo ta har zaure.
Gunjin ya bi wayar ya sauka.
Ban san iya nisan da ya yi ba.
Maƙabarta dai tana bayan kukar can, ba nisa.

Sai ga kalangu, tas, kamar yau aka ɗaure shi.

Ban ji zuwan Iya ba.
Tana bayan asabari da mayafin takaba,
ƙafafunta kawai nake gani.
Ana tsakiyar baiti allura ta sarƙe,
kalma ɗaya, kalma ɗaya, kalma ɗaya.
Cindo ya miƙa hannu.

"Bar shi," in ji ta.
"Nan ne yake tashi daga buzu,
ya yi tsaki, ya taɓa ta da farce."

Muka bar shi.
Faifai yana juyawa, kalmar tana dawowa,
buzun yana rataye a jikin bango,
har ladan ya gyara murya a masallacin Tudu.